Ranar da Baba Ya Yi Fashin Jirgi

Mahaifina bai taɓa tuƙa jirgin sama ba, amma idan ka ji shi yana bayani a gindin mangwaron ƙofar gidanmu a Zuru, sai ka rantse shi ya ƙera na farko. Makaniken jirage ne a rundunar sojan sama. Ya yi aiki har ya kai saje, ya yi ritaya, ya dawo gida da akwatin ƙarfe da gwiwa mai ciwo da labarai buhu-buhu. A unguwarmu da wuya ka tsallake gida biyu ba ka samu tsohon soja ba, sai dai duk na ƙasa ne, shi kaɗai ne na sama. Don haka duk abin da ya shafi jirgi, ko a rediyo aka faɗa ko giftawa ya yi ta kan duwatsu, wurinsa ake kawo tambaya. Kowa Saje yake ce masa, har Mama.

Ni ce 'yarsa ta uku, kuma a lokacin ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a garin. Wannan aiki nawa ya daɗe yana ba shi dariya, don a ganinsa Hausa ba abin da za a zaunar da yara a koya musu ba ce. Shi da C'lela, yaren mutanenmu na Zuru, ya tashi, Hausarsa kuwa a bariki ya tsince ta. Mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, sai ka ji ya ce, "Mamanka ya tafi kasuwa," alhali da ni yake. Ga shi kowace kalma datse ta yake yi kamar mai ba da umarni a fareti. Na yi gyara har na gaji. In na gyara sai ya ce, "Ka gane ko ba ka gane ba?" In na ce na gane, ya ce to magana ta ƙare. A nan zan riƙa rubuta maganarsa a gyare, don in na bar ta yadda take mai karatu zai tsine mini.

Akwai wani alkawari da Baba yake ɗauke da shi tun kafin a haife mu. Yana saurayi ya yi golmo a gonar kakanmu a Dabai, wato noman da saurayi da abokansa suke yi wa surukai damina bayan damina kafin a ba shi mata. Wata rana suna tsakiyar noma, Mama ta kawo musu ruwa, sai ga jirgi ya wuce can sama. Baba ya jingina da ƙotar fartanya, ya nuna shi, ya ce mata wata rana sai ya sa ta a cikin irin wancan. Abokansa suka yi masa dariya har da faɗuwa a kan kunyoyin gonar. Shi kuwa ya riƙe maganar. Ya shekara da shekaru yana kwance a ƙarƙashin jirage yana ɗaure musu noti, amma matarsa ko ƙofar ɗaya ba ta taɓa leƙawa ba. Duk sanda ya tayar da zancen, Mama "uhm" kawai take cewa ta ci gaba da tankaɗe.

A tsakiyar shekarun dubu biyu hawan jini ya kayar da shi sau ɗaya. Ya tashi, amma tun daga nan alkawarin ya hana shi sakat. Ya ce mini a fili yana so ya sauke wannan kaya kafin a kira shi faretin ƙarshe. Ana haka matar yayana, wanda yake soja a Legas, ta haihu, sai yayan nawa ya aiko da tikitin jirgi uku daga Abuja: na Baba, na Mama, da nawa, tunda hutun damina muke.

Lokacin bai yi daɗi ba ko kaɗan. A 'yan watannin nan jirage sun faɗi a ƙasar nan, kuma kowa yana da hoton a zuciyarsa. Matan zumunta na cocinmu suka yi ta sintiri a gidanmu. Wannan ta ce ta yi mafarki, waccan ta ce motar Legas ba ta ƙare a tasha ba. Mama ta tsorata sosai, na gani a fuskarta. A ƙarshe ta ce wa Baba, "Saje, sau ɗaya zan gwada. In munka je abin bai yiwu ba, tasha zan nufa, kuma kada ka sake yi mini zancen jirgi."

Baba ya amsa da sharaɗin, sannan ya buɗe makaranta a gindin mangwaro. Karatun nasa ɗaya ne, kuma na haddace shi. Ya ce ƙarfe ba ya cika cin amanar mutum, mutum ne yake cin amanar ƙarfe. Matuƙin da ya gaji ya ce zai iya, matuƙin da yake sauri ya tsallake layi ɗaya a takardar duba kaya, matuƙin da ya ga hadari ya ce ai ya saba. Wanda ya fi ba shi haushi shi ne babban matuƙin da ƙaraminsa zai ga kuskure ya ji nauyin faɗa, ko ya faɗa a ce masa wa ya tambaye shi. "Girman kai," Baba yake cewa yana buga sanda a ƙasa, "ya kashe mutane a sama fiye da tsawa." Tsofaffin sojojin ƙasa su gyaɗa kai, ko da yake a duk cikinsu babu wanda ɗansa ya isa ya gyara masa magana. Shi ma mai wa'azin haka yake.

Saura kwana uku tafiya ya fara yi mana atisaye. Ƙofar kicin ta zama na'urar bincike, shi kuma jami'in tsaro. Ya ce tun da aka fara kwace jirage a duniya doka ta yi tsanani, ko allura ba a wasa da ita. Ya zazzage jakar Mama a kan tabarma. Ya fitar da reza, ya fitar da almakashi, ya fitar da 'yar wuƙar da take yanka kuɓewa da ita, wadda ta fi ni shekaru. Mama ta ce da mi za ta yanka wa mai jego kuɓewa? Ya ce Legas ma akwai wuƙa. Ta ce ba irin wagga ba. Sun yi rabin sa'a a kan wuƙar nan kafin aka yarda a tura ta cikin babban buhu tare da garin dawa da daddawa da kuka. Daga nan ya jera mu, ya ɗaga yatsa.

"Baki ma makami ne a filin jirgi," in ji shi. "Ba a wasa da zancen bam, ba a wasa da zancen bindiga. Ko raha mutum ya yi, doka ba ta san raha ba. Ku kama bakinku, musamman ke malama."

Muka bar Zuru da sassafe ta hanyar Kwantagora, muka kwana gidan wani ɗan'uwa, washegari tun hantsi muna filin jirgi. Baba ya sa kaftaninsa na Kirsimeti, ya goge takalmi har kana ganin fuskarka. Mama ta wuce na'urar bincike kamar wadda ta saba, har ta waiwayo ta harare shi don ya ga ba ta yi ƙara ba. Muka zauna jira. Jirgin da aka ce zai tashi da tsakar rana bai iso ba sai bayan la'asar. Mutane suka miƙe suna gyara jakunkuna, sai ga wata ma'aikaciya ta fito tare da matuƙin da kansa. Ya ce su yi haƙuri, shi da abokan aikinsa sun cika sa'o'in da doka ta yarda su yi a sama, babu wasu da za su karɓe su, kuma ba zai ɗauki rayukan mutane da gajiya a idonsa ba. Sai gobe da safe.

Wuri ya kaure da hayaniya. Wani mai babbar riga har yana cewa ko an san shi wane ne. Mahaifina kuwa ya miƙe da gwiwarsa mai ciwo, ya ƙame, ya sara wa matuƙin. "Wannan shi ne matuƙi!" ya ce da ƙarfi. Na ji kunya, kuma na ji daɗi a lokaci guda. Amma da ya juyo sai ya tarar Mama ta riga ta ɗora jaka a ka.

"Allah ne ya hana," ta ce. "Mu tai tasha."

Ban taɓa ganin Baba yana roƙo ba sai ranar. Ya ce ba a fasa ba, ɗagawa aka yi, kwana ɗaya tak. Sai ta sauke jakar. Don kada ta sake tunani, sai ya ce bari ya kira gida ya sanar da su. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Zuru ba, kuma a danginmu ƙanin Baba ne yake da ita. Shi kuwa Baba ƙarami tsohon sojan igwa ne, kunnensa ɗaya ya tafi tun a bakin daga. Dama Baba in yana waya sai ka ce da bakinsa yake so muryar ta isa garin, balle da mai kunne ɗaya. Ya tsaya a tsakiyar zauren jira ya kware murya.

"An yi fashin jirgi! E, namu! Fashi! Mun yi fashin jirgi, ka gaya wa mutanen gida!"

A nan dole malama ta yi bayani. A Hausa fashi biyu ne. Akwai na fasa abu ko tsallake rana, kamar yaro ya yi fashin makaranta, shi ana ɗan jan farkonsa a baki. Akwai kuma na 'yan fashi masu tare hanya, shi a gajarce ake faɗarsa. A rubuce ba su da bambanci, kunne ne kawai yake raba su. Mahaifina kuwa, kamar yadda na faɗa, bai taɓa jan wata kalma ba a rayuwarsa. Na farko yake nufi, na biyu ya faɗa, har sau uku, a cikin filin jirgin sama.

Na ga wata Hajiya da ke kusa da mu ta janye jikokinta. Kafin in kai hannu in ƙwace wayar, jami'an tsaro biyu sun iso. Ɗaya ya karɓi wayar, ɗaya ya ce cikin ladabi, "Baba, zo mu je." Aka wuce da mu uku wani ɗan ofis mai tebur ɗaya da fanka.

Shugabansu Bahaushe ne, mai furfura kaɗan a gemu. Ya saurari yaransa, ya saurari Baba, sannan ya dube ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni malamar Hausa ce," na zayyana masa fashi biyun nan kamar ina gaban allo. Na lura gefen bakinsa yana motsi, ya gane tun kafin in gama. Amma ya haɗe fuska. Ya ce shi ya fahimta, sai dai doka ta ɗauki shelar fashin jirgi a matsayin babban laifi ko da ƙarya ce, ko da wasa ne, saboda abin da take jawowa, kuma mutane da yawa sun ji. Hanya biyu ce. Ko Baba ya rubuta cewa kuskuren baki ya yi, ya sa hannu, a rufe magana a nan. Ko kuma a miƙa shi gaba, kuma in an miƙa shi, zancen hawa jirgi gobe babu shi.

Ni na ɗauka an gama. Ashe ban san ubana ba. Ya zaro katinsa na tsohon soja ya ajiye a kan tebur.

"Yallaɓai, ni na san dokar nan tun kana makaranta. Ban yi kuskure ba. Abin da na faɗa daidai ne, jirgi ya yi fashi. In akwai mai laifi, Hausa ce, da ta ba abu biyu suna ɗaya."

Jami'in ya ce yana girmama katin, amma kati ba ya goge abin da kunne ya ji. Baba ya harɗe hannu ya kafe. Na roƙe shi, ya ce in yi shiru, manya na magana. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji kamar in tashi in bar shi da taurin kansa, ga kuma tausayi, don na san ba tsoron ofis ne yake damunsa ba. Yana kallon alkawarinsa yana zamewa, kuma bakinsa ya ƙi buɗuwa ya cece shi.

Duk wannan abu Mama tana zaune a gefe da jaka a cinya. Ga tasha ta samu a sauƙaƙe, ba sai ta yi gardama da kowa ba. Sai kawai ta ajiye jakar a ƙasa, ta juya ta fuskance shi, ta yi masa magana da C'lela, a hankali, yadda ba ta taɓa yi masa a gaban baƙo ba. Ta ce, "Saje, kai ne kake tara mutane a gindin mangwaro kana cewa babba ya saurari ƙarami. To yau ni ce ƙaramin matuƙi, kuma na ga kuskure. Ka yi kuskure. Ka faɗa. Ni gobe jirgi zan hau, da kai nake so in hau."

Jami'in bai ji yaren ba, amma ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Baba ya daɗe yana kallon Mama. Sannan ya dafa tebur ya miƙe, ya ƙame kamar yadda ya yi wa matuƙi, ya ce, "Yallaɓai, na yi kuskure." Shekarata kusan talatin a lokacin, kuma wannan ne karo na farko da na ji waɗannan kalmomi daga bakinsa.

Aka ba shi takarda da biro. Ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa shi bai ce an yi fashi ba, cewa ya yi an yi fashi. Jami'in ya karanta, ya sake karantawa, sai dariyar da yake ta dannewa ta ƙwace masa, har da dukan tebur. Yaransa suka kama, ni ma na kama, Mama ta rufe baki da gefen mayafi. Ni aka ba biron na ƙara a ƙasa cewa ɗage tafiya yake nufi. Kafin ya sallame mu, jami'in ya ce sai Baba ya faɗi kalmar daidai sau ɗaya. Na faɗa masa ya maimaita. Ya ja ta, ya ja ta, har ta fi ƙarfin Hausa ta koma kukan rago. Aka ce ya isa, Allah ya kiyaye hanya.

Da aka mayar mana da wayar muka tarar ta yi zafi don kira. Baba ƙarami, da kunnensa ɗaya, ya ji abin da kowa ya ji. Ya hau babur ya sanar da limamin coci, ya wuce Dabai ya sanar da dangin Mama. Kafin mu kira, tsakar gidanmu ta cika da matan zumunta suna addu'a da kuka, tsofaffin sojoji kuma sun taru a gindin mangwaro suna tsara yadda za a ƙwato jirgin. Ni na yi bayani wannan karon, Baba bai nemi wayar ba. Na ji guɗa ta tashi ta cikin wayar. An ce tunda an riga an taru, kuma an riga an ɗora tukunya, sai aka mayar da zaman na godiya, aka ci tuwo aka watse.

Washegari matuƙin nan dai shi ne ya ɗauke mu, ya yi barcinsa, fuskarsa fes. Mama ta samu kujerar taga, Baba a tsakiya, ni a bakin hanya. Shi ya ɗaura mata bel da hannunsa, ya ja ya tabbatar, ya sake ja. Da jirgin ya fara gudu ta damƙe hannunsa tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, idonta a rufe. Da muka rabu da ƙasa sai waƙar ta tsaya. Ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe na biyu, ta manna goshi a gilashi. Can sai na ji ta ce, "Ji gonakin mutanen nan. Ko maimai ba su yi ba, ga ciyawa har nan ina gani." Daga nan ba ta sake ɗaga kai daga tagar ba, tana ta duba gonakin mutane tana yanke musu hukunci, har gajimare ya rufe.

Baba bai kalli taga ba ko sau ɗaya, ita yake kallo. Da aka kawo shayi ya matsa kusa da kunnenta ya ce, "Na sauke nauyin alkawari?" Ta ce, "Ka sauke, Saje." Ya gyaɗa kai, ya jingina, ya share ido da bayan hannu yana cewa sanyin jirgi ne. Ba a yi minti goma ba barci ya kwashe shi, baki buɗe, shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Na kai hannu zan tashe shi don kada ya rasa sauka, Mama ta riƙe ni.

"Bar shi, ya gaji," ta ce. Ta leƙa fuskarsa ta tabbatar barcin gaske ne, sannan ta rage murya. "Ni fa ban tuna ranar da yake faɗi ba. Na tuna na kai musu ruwa, amma ban ji ya ce komai a kan jirgi ba. Hankalina yana kan kada in zubar da tulu a gaban samari. Shi ne ya riƙe abinsa duk shekarun nan. Kada ki gaya masa."

Baba ya ƙara shekara shida a duniya, kuma ban gaya masa ba.